Ruwa Mai Ƙamshin Asibiti

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau kwana goma sha biyu famfon unguwarmu yana tari ba ya tofarwa. Ka murɗa shi ya yi maka gurnani irin na marigayi mijina in an tashe shi zuwa coci, shi ke nan. Tankar ruwa tana hawowa daga cikin birnin Maseru ran Litinin in ta ga dama, jarka biyu kowane gida. Jarka biyu! Mu uku: ni, da 'yata Lisebo, da 'yarta Mosele mai shekara biyar, wadda ta fi akuya iya nemo datti.

Tun ranar farko Lisebo ta kafa doka, tana nuna ni da yatsa kamar ita ta haife ni: "Mme, ko gidan nan zai kama da wuta, kar ki kashe ta da ruwan rafin nan." A kamfanin wandon jins da ke saman rafin take aiki, a ɗakin wanki, don haka ta ɗauka ta fi kowa sanin ruwa. Ni da na yi iyo a rafin nan tun ana kama kaguwa a ciki.

Kowa ya san halinsa. Ran da Turawa ke son shuɗin wando, shuɗi yake. Ran da aka yi musu rasuwa, baƙi. Ni ba mahaukaciya ba ce da zan taɓa shi a irin waɗannan ranaku. Amma yau da na leƙa, leƙawa kawai na je yi, sai na tarar da shi garau kamar hawaye, har ƙamshin asibiti yake yi. To abin da ke ƙamshin asibiti ai tsafta ce.

Gobe ranar zumuntar mata, farar rigata ta zumunta kuwa wuyanta ya koma gindin tukunya. Na jiƙa ta, na danne da dutse, na juya baya ina wani aiki. Wane aiki ne, babu ruwan littafin nan. An yi zafi yau, Mosele tana tare da ni, ta sha dariya. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Kafin in waiwayo, shuɗin ya sauko ba sallama.

Riga tana ƙarƙashin katifa. Ni da Mosele mun ƙulla ɗan yatsa: sirri.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

In mace ta ƙi zuwa zumunta, zumunta ce ke zuwa gidanta, da waƙa, da tambaya. Saboda haka na sa rigar, na lulluɓe da bargo har haɓa, na kafa babban fil, na tafi a cikin ranar nan mai gasa ƙadangare.

Mamosili, shugabarmu, tun muna aji uku take sa mini ido. "Malisebo, zazzaɓi kike yi ko jariri kika sato?"

"Sanyin tsufa ne, 'yar uwa. Naki yana hanya."

"Yau ke ce da addu'a. Ba a tsayawa gaban Ubangiji a naɗe kamar kayan ƙaura. Cire."

Na cire. Mata ashirin da uku farare fat kamar balbelu, ni a tsakiya kamar tsuntsun da ya ɓata hanya.

"Bula ce ta yi yawa," na ce.

"Bula?" Mamosili ta kama hannun rigar da yatsa biyu. "Wannan ba bula ba ce. Wannan shuɗin 'yan kan tudu ne."

Ran Alhamis ai ba a tambayar mace cocinta, rigarta ake karantawa. Fari mu, ja na bakin titi, shuɗi kuwa mutanen Ntate Sekoati masu ganga a rumfar kwano a kan tudu. To ƙanwar Mamosili benci ɗaya take cin abinci da Lisebo a kamfani. In na ce rafi, kafin a tashi aiki maganar ta riga ni gida. Na dubi sama, na dubi ƙasa, sai na ji bakina ya ce, "Mafarki na yi."

Shekara talatin da takwas a cocin nan, na fita daga cikinsa na koma cikin 'yan kan tudu da kalma uku.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da hantsi

Mosele tana susa. Zafi ne. Kowa yana susa a zafi.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan cin rana

Lisebo ta ji. Ta ajiye cokali ta ce, "Mme, ke da kike cewa gangar Ntate Sekoati tana hana kajinki ƙwai?"

"Ruhu ba ya shawara da kaji."

"Me kika gani a mafarkin?"

"Mala'ika."

"Ya ce me?"

"Ba da ke ya yi ba."

Sai ga Ntate Sekoati da kansa, da sandarsa, da doguwar rigarsa shuɗiya, da usur ɗin da ya dawo da shi daga ramin zinariya. Shekara ashirin ya yi a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa har yau yake magana kamar kowa yana can ƙarshen rami. "MME MALISEBO! TUN BARA NA GAN KI A WAHAYI!" Ni dai na san bara abin da ya gani shi ne ni ina jifan akuyarsa. Ya cinye tuwon masarar da na ajiye wa dare, ya sa wa tukunyar albarka bayan ta zama wayam.

Jajayen tabo sun fito wa Mosele a cinya da ciki, daidai inda ruwa zai kai wa yaro in ya zauna a ciki. Wai in ya zauna. Lisebo ta daɗe tana kallo, sannan ta dubi hannuwanta.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Awa shida. A cocinmu na da, awa ɗaya da rabi ne, kuma ana iya gyangyaɗi a bayan Mamosili don faɗin bayanta. A nan babu benci. Zagaye ake yi, ana juyi kamar kazar da aka yanka, ganga tana dukan ƙirji. Gwiwata ta hagu ta tuba tun a awa ta biyu. Da na faɗi, sai suka yi guɗa wai Ruhu ya sauko.

Duk wanda ya ce ƙarya ba ta da ƙafa bai taɓa yin tawa ba. Tawa ƙafafuna ta ara.

Litinin, 14 ga Oktoba, da rana tsaka

Tanka ba ta zo ba. Rafi baƙi ne yau. Ban je ba, daga nan ake hangowa.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe uku

Ni na kai Mosele asibitin unguwa, Lisebo ba a ba ta izini ba. Da shigata ƙamshin ya dake ni, na nemi wuri na zauna.

Nas Nthuseng, yarinyar da na san ta tana yawo ba wando, ta ɗaga rigar Mosele ta ce, "Nkhono," wato kaka, "wani abu ya taɓa ta? Sabon sabulu? Ruwan rafi?"

"Rafi? Mu? Uwarta ai 'yar sanda ce a kan rafi."

Ta juya wurin yarinyar. "Mosele, kin yi wasa a ruwa?"

Mosele ta dube ni, ta ɗaga ɗan yatsanta kaɗan yadda ni kaɗai zan gani, ta girgiza kai.

Nas ta ce to wataƙila ƙazuwa ce, tana yawo tun da ruwa ya ɗauke. Ta ba mu farin magani a kwalba, a shafa daga wuya zuwa ƙafa. Na ji daɗi. Ƙazuwa ciwo ne mai mutunci, ba ya tona asirin kowa.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Maganin yana cizo. An ce dama haka yake.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Na zauna a ƙofa ina kallon farare suna wucewa zumunta. Mamosili ta tsaya a shinge ta ce, "Sannu, annabiya. Mala'ikan bai faɗa miki yaushe famfo zai dawo ba?"

"Ya ce sai ran da kika daina gulma."

"Ashe mun mutu da ƙishi," in ji wata daga baya, har Mamosili sai da ta dara.

Biyu sun dawo a ɓoye bayan an tashi, wai in ba su mafarkin daga farko. To baƙo ya zo, ka ba shi kwano wayam? Mala'ikan ya samu doki. Dokin ya samu bargo. Zuwa faɗuwar rana har ya san sunan kakan kowacce. Rabon da in ji daɗin bakina haka tun bikin Lisebo.

Ina cikin ba da labarin ina jin Mosele a ɗaki. Na ƙara murya.

Juma'a, 18 ga Oktoba, kafin cin yamma

Wani abu ya shiga Lisebo. Da, in ta dawo aiki, tun daga shinge take sunkutar Mosele ta juya ta sama. Yanzu sai ta tsaya a waje ta tuɓe rigar aiki, ta wanke hannu sau uku da ruwan da muke lallaɓawa, sannan ta zauna can bakin ƙofa ta ce, "Mme, shafa mata." Ta kwashe shimfiɗarta ta koma kicin.

Na ce, "Ƙazuwar kike gudu? Ni da ke shafawa fatar jaki ce da ni?"

Ta ja ƙofar kicin. Ina ganin ta gane ne, tana jira in kawo kaina. To ta jira. Ni na haife ta.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Bayan gwiwoyinta ya saɓule. Idon ma ya yi ja, tana murzawa.

Na ɗauko kwalbar, ta maƙure a bango. Na yi mata labarin zomon da ya sayar wa zaki wutsiyarsa sau biyu, na yi muryar zakin, na yi ta matar zakin. Ta bari na shafa. Ba ta yi ihu ba yau, haƙora ta cije. Da na gama sai ta jawo kunnena ta ce, "Nkhono, ban faɗa ba. Ko da ya yi zafi ban faɗa ba."

Na ce ke jaruma ce.

Na fita na ba kaji hatsi sau biyu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da la'asar

Awa shida da rabi. Matan nan biyu sun zo, ɗaya har ta rina ɗankwali. Ntate Sekoati ya busa usur ya sanar cewa jikar sabuwar 'yar uwa ba ta da lafiya, kuma zai kawo ruwan albarka har gida ran Asabar, bayan azumin kwana uku. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce. Ruwan addu'a ai ko bai warkar ba ba ya ƙarawa.

Litinin, 21 ga Oktoba, da rana

Tanka ta zo. Jarka biyu. Mosele ba ta ci ba.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan Lisebo ta dawo

Na shirya. Tun safe nake maimaitawa ga kaji, sun karɓa da kyau. Da ta zauna na ce, "Lisebo, ina da magana."

"Mme, in wani cocin kika kuma komawa, bari in ci abinci tukuna."

Na dubi fuskarta. Ta rame, idonta ya faɗa. Sai na ce, "Tuwon ya ƙone."

"Ban ji ba."

Ba za ta ji ba. Hancinta ya mutu tun shekararta ta biyu a ɗakin wankin nan. Sau nawa na ƙona tuwo a gidan nan ba wanda ya kama ni.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

Mosele tana nan ƙalau.

Laraba dai, da yamma

Ba ƙalau take ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Mamosili ta shigo ba tsiya ba habaici, da kwanon kunun dawa mai tsami, ta ce na yarinya ne. Ta ga ƙafafun, ta zauna a kan gadona ba a ce ta zauna ba. "Malisebo, na yi renon 'ya'ya bakwai, biyar sun yi ƙazuwa. Ƙazuwa tsakanin yatsu take farawa. Wannan kamar an tsoma ta ne a wani abu."

"Yanzu kuma likita kika zama?"

"Ke ma ai annabiya kika zama rana ɗaya."

Ta tafi ta bar kwanon. Gara ta zage ni.

Asabar, 26 ga Oktoba, da yamma

Dole in rubuta wannan, don in Mamosili ta ba da labarin nan za ta rage nawa ta ƙara nata.

Ntate Sekoati ya iso da hantsi, da mata huɗu, da ganga, da ruwa a kwalbar lemo. Lisebo, wadda ko a bikin sunanta ba ta yarda da irin wannan ba, ita ce ta shimfiɗa tawul da hannunta. Ta ce, "Mme, ko mene ne a gwada." Aka zaunar da Mosele a kujera.

Ya ɗaga kwalbar ga rana. Garau kamar hawaye. "DA ASUBA NA ƊEBO! CAN SAMAN RAFI, A BAKIN BUTUTU, INDA YA FI TSARKI! KO ƘWARO BABU A CIKI!"

Ya buɗe murfin. Ɗakin ya zama asibiti.

Lisebo ba ta ji komai ba, tawul take riƙe, idonta a rufe, kuma ganga ta cinye maganar bututun. Mosele ce ta ji. Ta janye ƙafafunta sama, ta dube ni, ta damƙe ɗan yatsan nan a cikin ɗaya hannun don kar ya ci amanata.

Ban san gwiwata tana da sauran tsalle ba. Na fizge kwalbar, muka yi kokawa ni da bawan Allah, rabi ya zube masa a ƙirji, rabi a ƙasa. Matan suka yi guɗa, wai Ruhu ne.

Na ce, "Ba Ruhu ba ne, ni ce! Babu mafarki, babu mala'ika, dokin ma ƙarya ne! A rafi na wanke rigata. A rafi na yi wa yarinyar nan wanka ran Laraba tara ga wata, na bar ta ta zauna a ciki har na gama cuɗa wuyan riga. Irin wannan ruwan ne. Ni na ce kar ta faɗa."

Ganga ta mutu.

"TO WAHAYINA FA?" in ji Ntate Sekoati.

Wata ta nuna ƙirjinsa. Inda ruwan ya zuba, shuɗin rigarsa ya fara kodewa, yana komawa kalar toka. Ya daɗe yana kallo. Sannan, karo na farko tun da ya fito daga rami, ya yi magana a hankali: "Ran Lahadi mai zuwa mutum tara zan yi wa baftisma a wurin."

Lisebo ta ɗauki kwalbar, ta ɗiga ɗan abin da ya rage a bakin zanenta, ta murza da yatsa. "Ruwan kodar da wando ne," ta ce. "Shi ake fara saki kafin shuɗin. Shuɗin rini ne kawai, Mme. Wannan ne mai ci."

Na jira ihu. Na ma sunkuyar da kai don ya wuce ta sama. Sai ta ɗaga hannuwanta biyu ta nuna mini, fatar duk a tsage kamar ƙasar fadama a rani.

"Sati biyu ban taɓa 'yata ba. Na ɗauka ni na kwaso mata a hannuna."

Ban sami abin wasa a wannan ba. Na duba, babu.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da rana

Ba a buga ganga a kan tudu ba. Ban je fari ba, ban je shuɗi ba. Kwalbar maganin ƙazuwa tana masai. Lisebo ba ta yi mini magana ba, amma ta bar mini tuwo a rufe. Suna gado ɗaya ita da Mosele tun jiya, ina jin su suna ƙus-ƙus.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Lisebo ba ta nemi izinin kowa ba yau. Ta goya Mosele da bargo, ƙatuwar yarinya ƙafafu har gwiwar uwar, ni ina biye da takalma a hannu kamar 'yar aiki.

Nas Nthuseng ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Nkhono, kin san abin da maganin ƙazuwa yake yi wa ƙuna?" Na ce na sani, ni na shafa. Ta wanke ciwon, ta sa wani mai mai sanyi, ta naɗe, ta ɗiga magani a ido. Ta ce fatar za ta dawo, wataƙila da tabo a bayan gwiwa, idon kuma a kawo shi ran Alhamis likita ya gani. Mosele ta ce, "Wannan ba ya cizo," kamar an cuce ta.

Nas ta tambayi sunan abin da ake zubawa. Lisebo ta dubi katin aikin da ke rataye a wuyanta, sannan ta faɗa, har da ranaku da awoyin da ake saki. Nas ta rubuta, ta jawo wasu katuna huɗu daga aljihun tebur ta haɗa da namu. Ban tambayi na 'ya'yan wa ba ne. Ban kuma tambayi Lisebo ko gobe za a bar ta ta shiga ƙofar kamfani ba.

A hanyar dawowa Mosele ta leƙo daga bargo. "Nkhono, yanzu zan iya faɗa?"

"Faɗa wa wanda kika ga dama, ƙawata."

Ban san na kwance kare ba. Mai gasa masara a bakin titi ta fara faɗa wa. Sai direban tasi da ya tsaya sauke fasinja, sai wani tsoho a kan doki da bai tambaye ta ba. "Kakata ce ta yi mini wanka a rafi! Farin ruwan ne mai ci! Kuma babu mala'ika!" Duk wanda muka wuce sai ya juyo ya auna ni daga ɗankwali zuwa ƙafa. Kafaɗun Lisebo suna motsi, ban sani ba ko dariya ce, ban zagaya na duba ba.

A kan hanyar gangarawa rafi muka ci karo da wata amarya da ban sani ba, baho a ka, ɗa a hannu. Mosele ta cika ƙirji za ta fara, sai Lisebo ta tsaya, ta juyo, ta yi mini magana karo na farko tun Asabar.

"A'a, bar wannan. Mme, zo ki ba ta labari, tun da ke ce gwana. Ban da doki."